Kun Tambaya, Mun Amsa: Karatun Gaba da Digirin Farko Don Aiki da Yara Masu Otizim

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan abu ɗaya suka taru, wato karatun da ake yi bayan digirin farko don aiki da yara masu otizim. Kafin amsa, sai mun gyara suna. Mutane da yawa na cewa galahanga, amma a bakin jama'a kalmar ta zama babban buhu da ake zuba kowace lalurar ƙwaƙwalwar yaro a ciki, har da shanyewar gaɓoɓi da jinkirin fahimta. Mai karatun fannin dole ya raba su. Shi ya sa muke cewa otizim: lalurar da ke shafar mu'amalar yaro da sadarwarsa, tare da maimaita wasu ɗabi'u, da nacewa kan abu ɗaya, da jin sauti ko haske ko taɓi fiye da sauran yara ko ƙasa da su. A 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na tare da ita.

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce, shekarata bakwai ina koyarwa, ina da digiri a fannin ilimi. A ajina akwai yara biyu masu otizim, na rasa yadda zan yi da su. Ina so in ƙaro karatu amma kwasa-kwasan sun yi mini yawa. Wanne zan ɗauka?

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari. Ajiye zancen kwas tukuna, ki fara tambayar kanki wane aiki kike so ki riƙa yi da hannunki bayan kin gama. Babu sana'a guda mai suna ƙwararren otizim. Sana'o'i ne daban-daban suke haɗuwa a kan yaro ɗaya, kowace da ƙofar shigarta da lasisinta. Malamin ilimi na musamman shi ke tsara aji da darasi. Mai gyaran magana yana aiki kan sadarwa, ko da baki ko da hoto ko da na'ura. Mai nazarin ɗabi'a yana bin diddigin dalilin da ya sa yaro ke yin abin da yake yi. Akwai mai koyar da ayyukan yau da kullum, irin su riƙe fensir da sa kaya da jure hayaniya, akwai kuma masanin halayyar ɗan'adam da likita, waɗanda su ne ke tabbatar da lalurar.

Gyaran magana hanya ce mai tsawo. A Amurka, alal misali, ƙungiyar masu gyaran magana, ASHA, tana buƙatar digiri na biyu mai ɗauke da awa 400 na aiki a ƙarƙashin sa ido, 25 na kallo, 375 na aiki kai tsaye da masu lalura, sannan a ƙara aƙalla mako 36 na gogewa, awa 1,260, kafin a ba mutum shaidar ƙwarewa. Ke da kike da aji a hannu, hanyar da ta fi kusa da ke ita ce ilimi na musamman mai zurfafawa a kan otizim.

A tsarin Birtaniya wannan karatu hawa uku ne. Satifiket kiredit 60 ne, difloma 120, cikakken digiri na biyu kuma 180, inda 60 na ƙarshe yawanci bincike ne. Ana lissafa kowane kiredit da kimanin awa 10 na karatu, don haka hawan farko kaɗai awa 600 ne. Jami'ar Birmingham na daga cikin waɗanda suka daɗe suna koyar da shi daga nesa. Shawararmu ita ce ki fara da hawan farko kina cikin ajinki, domin abin da kika karanta da dare, da safe za ki gwada shi.

Ki duba manhajar kwas ɗin da kyau. Ya kamata ki ga tsararriyar koyarwa irin ta TEACCH, wadda Eric Schopler ya kafa a Jami'ar North Carolina, ta zama shirin jiha a 1972. Gindinta shi ne yaro ya gani da idonsa amsar abu huɗu: wane aiki zan yi, nawa ne yawansa, yaya zan san na gama, me ke biye. Ya kamata ki ga darasin rubuta manufar koyo ta yaro ɗaya. Nan ake gane wanda ya koya. "Zai inganta maganarsa" buri ne, ba a iya auna shi. Manufa ita ce: "Idan aka ajiye motar wasansa inda yake gani amma hannunsa bai kai ba, zai miƙa hotonta ba tare da an kama hannunsa ba, sau 8 cikin 10, kwana uku a jere, ga mutum biyu daban." Kwas ɗin da bai sa ki rubuta irin wannan ba, aka gyara miki, kika sake rubutawa, labari kawai ya ba ki.

TAMBAYA: Na ga tallar wani kwas a intanet, mako shida, sun ce zan fito a matsayin ƙwararren ABA mai shaidar duniya. Gaskiya ne?

AMSA: Malam, mako shida kan koya wa mutum sunayen abubuwa, amma ba ya mai da shi ƙwararre. Ga ma'auni. Shaidar da aka fi sani a fannin nazarin ɗabi'a, wanda ake kira ABA, ita ce BCBA, wadda hukumar BACB ta Amurka, da aka kafa a 1998, ke bayarwa. A ƙa'idojin da suka fara aiki a 2022, sai mutum yana da digiri na biyu, da awa 315 na darussan da aka ƙayyade, da awa 2,000 na aiki a ƙarƙashin sa ido, ko 1,500 idan sa idon ya ninka, sannan ya ci jarrabawa. A tsarin awa 2,000, kashi 5 cikin 100 na awannin kowane wata dole mai sa ido ya kasance a ciki. Ke nan idan ka yi awa 100 a wata, awa 5 kana tare da shi. Hukumar kan sabunta waɗannan alƙaluma, don haka ka karanta littafin ƙa'idojinta na yanzu kafin ka yanke shawara.

Akwai ƙaramin mataki mai suna RBT, horon awa 40, amma mai shi mataimaki ne, yana aiwatar da shirin da wani ya rubuta, a ƙarƙashin kulawarsa. Yawancin gajerun kwasa-kwasan nan a wannan mataki suke, ko ƙasa.

Wani abu da masu talla ba sa faɗa: tun farkon 2023 BACB ta daina karɓar sababbin masu nema daga yawancin ƙasashen da ke wajen Amurka da Kanada. Mutum na iya gama duk darussan, ya zo neman jarrabawa a ce ƙofa a rufe take saboda ƙasar da yake zaune. Akwai hukumomi irin su IBAO da QABA masu ba da shaida ga mazauna wasu ƙasashe, sai dai amfanin kowace shaida ya dogara ne da ko hukumar da ke kula da sana'ar a inda za ka yi aiki ta amince da ita.

Kafin ka biya ko kwabo, ka rubuta musu, su amsa a rubuce. Wace hukuma ce ta tantance kwas ɗin? Awa nawa zan yi da yara, a ina? Wa zai sa mini ido, mece ce shaidarsa, ɗalibai nawa ne a hannunsa? Zai kalle ni ina aiki, ko da ta bidiyo, ko rahotona kawai zai karanta? Idan suka yi ta kwana-kwana a kan tambaya ta ƙarshe, ka nemi wani wuri.

Ka kuma gudu idan ka ji an yi alkawarin warkarwa. Otizim ba ya da maganin da ke kawar da shi. Ƙarin ruwan da ake cewa yana cire ƙarfe daga jini ya kashe yaro ɗan shekara 5 a Pennsylvania a 2005. Riƙe hannun yaro a kan madannai a ce shi ke rubutu, gwaje-gwaje sun nuna mai riƙewar ne ke rubutawa ba tare da ya sani ba. Kwas ɗin da har yanzu ke ɗora laifi a kan allurar rigakafi kuwa yana bin binciken Andrew Wakefield na 1998, wanda mujallar Lancet ta janye a 2010.

TAMBAYA: Ana ta cewa aiki a ƙarƙashin sa ido shi ne zuciyar karatun. To me ake koya a ciki da ba za a samu a littafi ba?

AMSA: Wannan ita ce tambayar da muka fi so a yi mana, za mu ɗan daɗe a kanta.

Ɗauki yaro ɗan shekara 6 da ba ya magana, wanda ke kifar da kujera yana cizon hannunsa duk lokacin da aka fito da littafin rubutu. Sabon ɗalibi zai tambayi yadda za a hana shi. Mai sa ido nagari zai mai da shi baya matakai uku. Da farko a duba jiki: haƙori, kunne, taurin bayan gida, rashin barci. Yaron da ba ya iya cewa "ciwo nake ji" yakan faɗa da cizo, kuma babu tsarin gyaran ɗabi'a da zai yi maganin ruɓaɓɓen haƙori. Na biyu, a bayyana ɗabi'ar yadda mutum biyu za su ƙirga ta su samu adadi ɗaya. "Yana rigima" ba ya ƙirguwa. "Haƙoransa sun taɓa fatar hannunsa" yana ƙirguwa. Na uku, a yi mako ɗaya ko biyu ana cike takarda mai gida uku: me ya faru daf da abin, me yaron ya yi, me ya biyo baya nan take.

Daga takardar nan ake gano amfanin da ɗabi'ar ke yi wa yaron. Galibi ɗaya ne cikin huɗu: neman kulawa, neman wani abu, gudun wani abu, ko jin daɗin da jikinsa ke samu daga abin. A misalinmu, idan takarda ta nuna duk lokacin da ya ciji hannu ana ɗauke littafi a fita da shi waje, to malamai ne suka koya masa cizon ba da saninsu ba. Abin da suke ɗauka hukunci, shi a wurinsa lada ne.

Gyaran shi ne a ba shi wata hanyar neman abu ɗaya ɗin. A ajiye katin "hutu" kusa da hannunsa. Da an fito da littafi, kafin ya kai ga cizo, a taimaka masa ya miƙa katin, a ɗauke aikin nan take na minti ɗaya ko biyu. A kwanakin farko ana amsa katin kowane lokaci, babu "jira kaɗan". Dalili kuwa, sabuwar hanyar dole ta fi tsohuwar sauƙi da saurin biya, in ba haka ba zai koma ga cizon da ya san yana aiki. Sai katin ya zauna masa sannan a fara cewa harafi ɗaya sai hutu, daga baya uku, daga baya layi guda. A lokaci guda a duba aikin kansa, ko ya fi ƙarfinsa, ko riƙe fensirin ne ke ba shi wahala.

Ga inda ake tuntuɓe. Idan tsohuwar ɗabi'a ta daina biya, sau da yawa takan ƙaru na 'yan kwanaki kafin ta sauka, kamar mai danna makunnin da ya ƙi aiki da ƙarfi sau biyar kafin ya haƙura. Ɗalibin da ba a gargaɗe shi ba zai tsorata a rana ta uku ya janye, kuma da wannan janyewar ya koya wa yaro cewa cizo mai ƙarfi ne ke biya. Idan cizon na jawo rauni, ba ɗalibi ne zai yanke hukunci shi kaɗai ba, mai sa ido ne zai tsara yadda za a kare yaron.

Haka abin yake a koyar da musayar hoto, PECS, wanda Andy Bondy da Lori Frost suka tsara a 1985, mai matakai shida. A matakin farko ana buƙatar manya biyu. Ɗaya na gaban yaro riƙe da abin da yake so, bakinsa a rufe. Ɗayan na bayansa, sai yaro ya miƙa hannu ga abin sannan ya karkata hannun zuwa hoton, ya ɗauka, ya miƙa. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne na gaban ya ce "me kake so?" Da ya saba faɗin haka, yaro ya koyi jiran tambaya, alhali abin da ake nema shi ne ya fara magana da kansa. Amsa wannan tambaya sai a mataki na biyar. Kuskure na biyu, na bayan ya manta da janye tallafinsa: daga kama hannu zuwa taɓa gwiwar hannu, zuwa komai babu. Mai yin waɗannan kurakurai ba ya ganin kansa. Sai wani ya tsayar da bidiyo ya ce duba nan, ka yi magana kafin ya motsa.

TAMBAYA: Ina da digiri a ilimin halayyar ɗan'adam. Idan na halarci horon ADOS, zan iya fara tabbatar wa iyaye cewa ɗansu na da otizim?

AMSA: A'a, ɗan'uwa. ADOS-2 kayan aiki ne na lura da yaro na minti 40 zuwa 60, mai rukuni biyar gwargwadon shekaru da ƙarfin magana. Horonsa na koya maka riƙe kayan aikin, amma ikon yanke hukunci daga lasisin sana'a yake zuwa, kamar na likitan yara, ko likitan ƙwaƙwalwa, ko masanin halayya da ya yi horon asibiti. Hukuncin ma ba a kan maki ɗaya yake tsayawa ba. Ana haɗa tarihin girman yaro daga bakin iyaye, da gwajin ji, da awon fahimta da harshe, da rahoton makaranta, a auna su da sharuɗɗan littattafan tantance lalurori, wato DSM-5 na 2013 ko ICD-11 da ya fara aiki a 2022. DSM-5 na buƙatar dukkan alamomi uku na mu'amala da sadarwa, da aƙalla biyu cikin huɗu na maimaitawa da nacewa.

Abin da za ka iya koya da wuri shi ne tantancewar farko. M-CHAT-R/F tambayoyi 20 ne ga iyayen yara 'yan wata 16 zuwa 30. Maki 0 zuwa 2 ƙaramin haɗari, 3 zuwa 7 sai an bi da tambayoyin zagaye na biyu, 8 zuwa 20 a tura wurin ƙwararre kai tsaye. Tsallake zagaye na biyun nan shi ke sa a tayar wa iyaye da yawa hankali a banza. Kalmarka ga iyaye ita ce "ya kamata a duba shi", ban da "yana da shi".

TAMBAYA: Na ji wasu manya masu otizim na sukar ABA, suna cewa ta cutar da su. In guje ta ke nan?

AMSA: Sukar tana da tushe, kuma kwas ɗin da ya ɓoye ta bai yi wa ɗalibansa adalci ba. Binciken Ivar Lovaas na 1987, wanda ya ɗaukaka hanyar, ya ba yara 19 horon kusan awa 40 a mako, ya ce 9 sun kai matsayin sa'o'insu. Amma ba da ƙuri'a aka raba yaran da suka samu horon da waɗanda aka kwatanta su da su ba, kuma an yi amfani da tsawa da mari a cinya. Manyan da ke ƙorafi suna maganar tilasta musu kallon cikin ido, da hana su kaɗa hannu alhali da shi suke kwantar da hankalinsu, da koya musu cewa "a'a" ɗinsu ba ta da daraja.

A ganinmu, ilimin gano dalilin ɗabi'a, irin wanda muka bayyana a sama, duk mai aiki da yaran nan yana buƙatarsa. Inda ake rabuwa shi ne manufa. Kafin a taɓa kowace ɗabi'a a tambaya, wa take cutarwa? Cizon hannu da gudu zuwa titi suna cutar da yaro. Kaɗa hannu ba ya cutar da kowa, a bar masa abinsa. Ki nemi kwas da ke koyar da hanyoyin da ake bi ta cikin wasa da bin ra'ayin yaro, irin su ESDM na Sally Rogers da Geraldine Dawson ga 'yan wata 12 zuwa 48, wanda kuma ke gayyatar masu otizim su koyar da bakinsu.

TAMBAYA: Ni uwa ce. Ɗana ɗan shekara 3 an tabbatar yana da otizim. Ina tunanin yin digiri na biyu don in taimake shi da kaina.

AMSA: Uwa, Allah ya raya shi, ya ba ki ikon kula da shi. Idan kina son fannin ya zama sana'arki, ƙofa a buɗe take, iyaye da yawa ta nan suka shigo. Amma idan don ɗanki ne, digiri zai cinye shekara biyu da shi ke buƙatarsu yanzu, kuma rabin abin da za ki karanta bai shafe shi ba.

Akwai horon da aka yi don ke. Shirin CST na Hukumar Lafiya ta Duniya, na masu kula da yara 'yan shekara 2 zuwa 9, zama tara ne a rukuni da ziyarar gida uku, kuma akwai na intanet. A Birtaniya an gwada wata hanya mai suna PACT a kan yara 152, aka wallafa a 2010, inda ake ɗaukar bidiyon uwa ko uba na wasa da yaro, a zauna a kalla tare da ƙwararre, sannan su yi atisaye na minti 20 zuwa 30 kullum a gida. Da aka sake duba yaran bayan kimanin shekara shida, alamominsu sun fi na rukunin da bai bi wannan hanyar ba sauƙi.

Kafin ki samu gurbi, ki fara da wannan. Ki ware minti 15 sau biyu a rana, ki kashe talabijin, ki ajiye waya. Ki zauna a ƙasa fuska da fuska da shi, ki shiga wasan da shi ya zaɓa, ki kwaikwayi abin da yake yi. Ki rage tambaya, ki riƙa faɗin sunan abin da yake kallo da kalma ɗaya ko biyu. Idan kina hura masa kumfar sabulu ko kina tura shi a lilo, ki tsaya a tsakiya, ki ƙirga biyar a zuci. Duk abin da ya yi don ki ci gaba, kallo ne ko sauti ko jan hannunki, ki amsa nan take ki faɗi kalmar. Harshen da kika fi sakewa da shi, da shi za ki yi masa magana, domin bincike bai nuna cewa jin harshe biyu na ƙara wa masu otizim jinkirin magana ba. Ki sami ɗan littafi ki rubuta sau nawa ya neme ki da kansa a kowane zama, ki tafi da shi ranar da za ku ga mai gyaran magana.